Yadda ake gane jirin tsayuwa bayan doguwar jinya, da yadda ake lallaɓa shi a gida

Ƙanwata malamar firamare ce a nan Gusau. A da tana iya yini tsaye gaban allo, ta dawo gida ta ɗora sanwa, ta yi wanki, ba ka ji ta ce wash ba. Wani hunturu mura mai zafi ta kwantar da ita kusan mako biyu, da zazzaɓi da tari, har ƙamshin miya ta daina ji. Ba a yi mata gwajin korona ba, kamar dai yawancinmu. Zazzaɓi ya sauka, tari ya tafi, kowa ya yi hamdala. Sai wani abu ya maye gurbinsu. In tana kwance lafiyarta lau, har hira take yi da dariya. Ta miƙe tsaye minti uku zuwa biyar, sai zuciya ta kama dukan uku-uku, ido ya yi duhu, gumi ya keto mata, ta fara laluben bango. "Yaya, juwa nika ji," shi ne abin da muka yi ta ji wata da watanni.

Sau uku ana ba ta maganin taifod. In an yi mata ƙarin ruwa sai ta warware kwana ɗaya ko biyu, abin ya dawo. Dangi wasu suka ce iska ce, wasu suka ce son jiki ne, tunda ga ta nan tana cin abinci. Ranar da muka dace, wani likita ya sa ta kwanta ya ƙirga bugun zuciyarta, ya tsayar da ita ya sake ƙirgawa, ya juyo mana da takardar. A kwance 76, a tsaye 121. Abin da ke ƙasa duk daga abin da aka koya mana ne da abin da muka gwada a gida. Ni ba likita ba ce, 'yar jinya ce. Zan riƙa cewa "ki" domin abin ya fi kama mata, musamman daga shekarun balaga zuwa wajen 50, amma namiji ma da shi nake.

Abin da ke faruwa a jiki

Duk wanda ya miƙe tsaye, jini kusan rabin lita ko fiye yakan gangara zuwa ciki da cinyoyi da ƙafafu. Mai lafiya ba ya ma sanin an yi, domin nan take jijiyoyin jinin ƙafa ke tsukewa su turo jinin sama, zuciya ta ɗan ƙara sauri kaɗan, shi ke nan. Wannan aiki ba da umarnin mutum ake yin sa ba, akwai sashen jijiyoyin da ke tafiyar da shi da kansa, shi ne kuma ke kula da gumi da narkar da abinci. Bayan wasu cututtukan bairos, irin su korona da mura mai tsanani, wannan sashe yakan rikice. Jijiyoyin ƙafa ba sa tsukewa yadda ya kamata, wani lokaci yawan ruwan jinin ma ya ragu, sai zuciya ta dinga gudu don ta cike giɓi, ƙwaƙwalwa kuma ba ta samun isasshen rabonta. Daga nan jiri yake, da duhun ido, da rawar jiki, da nauyin kai kamar an cusa auduga, da mantuwa.

Iri biyu aka fi gani. Akwai wanda zuciya ke gudu amma awon jini bai faɗi ba, shi likitoci ke kira POTS, sunan da wasu likitoci biyu na asibitin Mayo da ke Amurka suka raɗa masa a 1993. Inna har yau POS take ce masa, mun gaji da gyara mata. Akwai kuma wanda awon jinin kansa ke faɗuwa da zarar an miƙe. A watan Oktoba na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da cewa akwai jinyar da ke biyo bayan korona, wadda alamunta ke nan wata uku bayan kamuwa, su ɗauki aƙalla wata biyu, kuma ba a samu wani ciwo da ya bayyana su ba. Ki riƙe wannan sharaɗi na ƙarshe, domin shi ne matakin farko.

Da farko, a tabbatar ba wani abu ba ne

A ƙasarmu abubuwan da ke sa jiri da bugun zuciya suna da yawa, kuma mafi yawansu sun fi wannan sauƙin magani. Kafin ki ce ciwon bayan mura ne, ki je asibiti a duba yawan jininki, wanda ma'aikata ke cewa PCV, domin ƙarancin jini shi ne kan gaba, balle ga mace mai yawan zubar jinin al'ada ko mai haihuwa kusa da kusa. A duba zazzaɓin cizon sauro, da suga, da ciki idan akwai yiwuwarsa, da aikin ƙoda, da tayirod, wato ƙullutun wuyan nan da ke kumbura ya zama maƙoƙo. A ɗauki hoton bugun zuciya na ECG. A Gusau ana iya zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Idan ana buƙatar likitan zuciya ko na jijiya da ƙarin bincike, akan tura mutum asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Ki kwashi duk magungunan da kike sha a leda ki tafi da su, har da na kemis da na gargajiya. Magungunan sa fitsari irin su Lasix da Moduretic, da wasu na hawan jini irin su amlodifin da nifedifin, da maganin fesawa na asma, da wasu na barci da damuwa, duk suna iya haddasa abin ko su ƙara shi. Kada ki daina sha da kanki, likita ne zai rage ko ya canza.

Akwai alamun da ba na zaman gida ba ne: ciwon ƙirji, suma ana cikin aiki ko ana kwance, kumburin ƙafafu, kasa numfashi in an kwanta flat a katifa sai an tara filo, baƙin bayan gida kamar kwalta, kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, mutuwar ɓarin jiki ko karkacewar baki. Waɗannan asibiti ne a ranar. Mai jego kuwa da ke haki da bugun zuciya da kumburi, kada ta kusanci shawarar gishirin da ke ƙasa. Ciwon zuciyar bayan haihuwa sananne ne a arewacin Najeriya, kuma gishiri da kunun kanwa ƙara masa wuta suke yi.

Gwajin bango

Wannan shi ne zuciyar maganar, kuma ba ya cin ko sisi. Ana buƙatar tabarma ko katifa, bango, agogon waya, biro da littafi, da mutum na biyu wanda zai iya tare ki in kika tafi luuu. Kada ki yi shi ke kaɗai. In akwai na'urar awon jini ta batir a gidan, irin wadda masu hawan jini ke ajiyewa, ta fi, domin tana nuna awon jini da bugun zuciya lokaci guda. In babu, yatsu sun isa rabin aikin.

A yi shi da safe, kafin shayi da goro, a ɗaki mai inuwa. Ki kwanta rigingine minti 10, ba hira, ba latsa waya. A ƙarshen minti goman mai taimaka miki ya ɗora yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, a tsintsiyar hannunki ta gefen babban yatsa, ya lalubo inda jijiya ke harbawa. Ya ƙirga na daƙiƙa 30 ya ninka biyu. Ya rubuta. Ya sake bayan minti ɗaya don a tabbatar lambar ta zauna. Kada ya yi amfani da babban yatsansa, shi ma yana da nasa bugun, sai ya ƙirga nasa ya ce naki ne.

Sai ki tashi ki jingina da bango, allon kafaɗunki kawai ke taɓa shi, diddigenki kuma ya yi nesa da bangon kamar santimita 15, ƙasa da taƙi guda kaɗan. Hannu a sake. Ba motsa ƙafa, ba karkata nauyi daga wannan ƙafa zuwa waccan, ba magana sai faɗin abin da kike ji. Abin ya fi yadda ake zato wuya, domin jiki da kansa yake son ya motsa ya ceci kansa, kuma motsin ne ke ɓoye ciwon. A ƙirga bugu a minti na 1, na 3, na 5, na 7 da na 10, in da hali ma kowane minti. A gefen kowace lamba a rubuta abin da kika ji: jiri, tashin zuciya, gumi, duhun ido. Mai taimakon ya riƙa duban ƙafafunki, ga mai hasken fata sukan yi ja ko shuɗi-shuɗi, ga mai duhun fata a tafin ƙafa da farce aka fi gani. Da zarar kin ji kamar za ki faɗi, a tsaya, ki kwanta, a ɗaga ƙafafunki kan filo. Ba jarrabawar juriya ba ce, a rubuta mintin da aka tsaya kawai.

Ga yadda ake karanta lambobin. Idan bugun zuciya ya ƙaru da 30 ko fiye a kan na kwance cikin minti goman, kuma ya zauna a sama, ba tsalle ɗaya ya yi ya sauko ba, ga babba wannan ya shiga ma'aunin POTS. Ga 'yan shekara 12 zuwa 19 ƙarin 40 ake nema. Hawan da ke zuwa cikin daƙiƙun farko na miƙewa ba a lissafa shi, kowa yana yin sa. Idan kuma lambar sama ta awon jini ta faɗi da 20, ko ta ƙasa ta faɗi da 10, cikin minti uku na tsayuwa, wannan faɗuwar awon jini ce. Ana so alamun su kai wata uku kafin a ɗora wa mutum sunan POTS. A maimaita gwajin safiya biyu ko uku, domin rana ɗaya tana iya yin kyau ta ruɗe ku, sannan a kai wa likita littafin. Wannan littafi ya fi duk bayanin baki. A asibiti yawanci a zaune ake auna mutum, a zaune kuwa lambobin ƙanwata kullum lafiya suke, shi ya sa aka daɗe ana ce mata ba abin da ke damunta.

In lambobinki ba su kai ma'auni ba amma tsayuwa na wahalar da ke, dabarun da ke tafe suna da amfani duk da haka, ban da na gishiri da sai an tambaya.

Ruwa da gishiri

Manufa ita ce a ƙara yawan ruwan da ke yawo cikin jijiya. Ana so ki sha lita 2 zuwa 3 a yini. Ledar fiya wata rabin lita ce, ke nan leda huɗu zuwa shida, a bazara kuma har fiye. Mu jarka muka ware mata mai lita uku, a cika da safe, a ga bayanta kafin isha'i. Ƙidayar kofi ba ta yi mana aiki ba, kullum sai an manta. Fitsari ne alƙali: in ya yi fari-fari ruwa ya isa, in ya yi ja kamar shayi da saura.

Akwai wata dabara da ta fi kowace saurin aiki. Shanye rabin lita a tashi ɗaya, cikin minti biyu zuwa uku, yana ɗaga awon jini ya kwantar da bugun zuciya bayan 'yan mintoci, kuma tasirin kan kai kusan awa guda. Ki yi haka kafin ki sauko daga gado da safe, da kafin duk abin da kika san zai sa ki tsayuwa, kamar shiga kasuwa ko layin banki.

Ruwa ba ya zama a jiki sai da gishiri. Ga masu wannan lalura likitoci kan ba da shawarar gishiri har gram 10 a yini, wato ƙasa kaɗan da ƙaramin cokalin shayi biyu a shafe, kuma wannan lissafi ya haɗa da wanda ke cikin miya da dunƙulen magi. Ki lura cewa wannan ninki biyu ne na gram 5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada mai lafiya ya wuce. Saboda haka mai hawan jini, mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya, mai ciki, duk ba su cikin wannan. Hawan jini kuwa ya yi yawa a cikinmu, da yawa ba su ma san suna da shi ba. A auna tukuna, likita ya yarda, sannan a ƙara a hankali, ana sake aunawa duk mako. Na ga wata maƙwabciya da ta ji labarin ƙanwata ta fara zuba gishiri a kunu, alhali jirinta na hawan jini ne. Allah ya taimaka 'yarta ta hana ta da wuri.

Hanya mafi sauƙi ita ce ruwan gishiri da sukari na sacet, irin wanda ake ba yara masu gudawa, a narka ɗaya a lita guda a sha cikin yini. In za a haɗa a gida, rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙaramin cokali shida na sukari a lita ɗaya. Mai ciwon suga ya tambaya kafin ya sha. Kada a zuba wa tukunyar gida duka gishiri saboda mutum ɗaya, ta barbaɗa a nata kwanon. Kanwa ba madadin gishiri ba ce. Soɓorodo kuma, duk daɗinsa da sanyi, yana ɗan saukar da awon jini, wadda nata ke faɗuwa ta rage shi. Shayi mai kauri da kofi da goro wasu suna taimaka musu, wasu kuma ƙara musu bugun zuciya suke yi. Ki gwada kwana uku da su, kwana uku babu, ki duba littafinki. Lemukan ƙarin kuzari na gwangwani a bar su gaba ɗaya.

Tashi da safe

Safiya ce mafi wuya, domin jiki ya kwana yana tace ruwa zuwa mafitsara. Ki ajiye ruwanki kusa da filo tun dare. In kin farka ki sha a kishingiɗe. Ki motsa tafin ƙafa sama da ƙasa sau 20, ki matse cinya da ɗuwawu ki saki sau goma. Ki zauna bakin gado ƙafa a ƙasa minti biyu. Sannan ki miƙe kina dafe da wani abu, ki ɗan tsaya kafin ki ɗaga ƙafa. Fitar fitsarin dare ma haka, kuma namiji ya tsuguna ko ya zauna, kada ya yi a tsaye.

A ɗaga gefen kan gado da santimita 10 zuwa 15. Bulo ɗaya a kwance ƙarƙashin kowace ƙafar gado ta wajen kai ya wadatar. Tara filo ba ya yi, domin jiki duka ake so ya ɗan gangara, hakan ke rage fitsarin dare ya bar ruwa a jijiya. Mai kwana a katifar ƙasa ta sa faifan katako a ƙarƙashi ta tokare shi da bulon.

Ɗaurin ciki

Mafi yawan jinin da ke gangarawa a ciki da cinyoyi yake taruwa, shi ya sa safar da ta tsaya a gwiwa ba ta cika yin wani abin kirki ba. Wadda ke aiki ita ce safar matsi ta asibiti mai kaiwa har ƙugu, mai ƙarfin 20 zuwa 30 ko 30 zuwa 40 a ma'aunin da ke jikin kwalinta. Gaskiya a zafin Afrilu, da ake haura digiri 40, ba kowa ke iya jure ta ba, ga tsada. Ƙanwata kwana biyu ta sa ta jefar. Abin da ya zauna mata shi ne bel ɗin ɗaure ciki irin na masu jego, mai mannewa. Zane ma in an naɗe shi da faɗi daga ƙasan haƙarƙari zuwa mara yana yi. A ɗaura tun ana kwance kafin a tashi, ya kama sosai amma numfashi na fita daidai, a kwance shi in za a kwanta ko za a ci abinci. Mai ciki ba ta ɗaurawa.

In tsayuwa ta zama dole

Tsayuwa cak ta fi tafiya wahala, domin tsokar sha-raɓa ce famfon da ke turo jini sama, kuma sai an motsa take aiki. A layi ki harɗe ƙafafu ki matse cinyoyi da ƙarfi kamar daƙiƙa 30, ki saki, ki sake. Ki riƙa ɗagawa kan yatsun ƙafa kina saukowa. Ki ɗora ƙafa ɗaya kan dakali ko dutse. Ki dunƙule hannu da ƙarfi. In kin ji duhu na zuwa, ki tsuguna nan take kamar mai gyara takalmi. Tsuguno ya fi duk sauran saurin maido da jini, kuma a garinmu ba wanda zai kalle ki don kin tsuguna. Amma tashi daga tsugunon a yi shi a hankali, a nan ake faɗuwa. Ranar da jiki ba daɗi a bar kabu-kabu a shiga Keke.

In ta kai ga suma, a kwantar da mutum flat a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufa, a ba shi iska. Kada a tallabe shi a zaune, kada a ɗura masa ruwa a baki, kada a cusa cokali. Yawanci cikin minti ɗaya yake farfaɗowa. In ya wuce minti biyu, ko ya bugu a kai, a nufi asibiti.

Madafi da banɗaki su ne wuraren da aka fi shan wuya, saboda zafi yana buɗe jijiyoyin fata jini ya ƙara gangarawa. Yanka albasa, gyaran shinkafa, wanke-wanke, guga, duk a yi su a zaune. Tuƙin tuwo a gaban murhu a bar wa wani in da hali. Wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi ko mai sanyi, a zaune kan kujera 'yar tsuguno, ƙofa ba sakata. Shanya da ɗaga hannu sama na ƙara jiri, a sauko da igiyar. Fita ta zama da sassafe ko bayan la'asar, da tsumma mai laima a wuya. Malmalar tuwo uku a zama ɗaya tana janye jini zuwa hanji, shi ya sa bayan cin rana abin ke tashi. A raba abincin kashi biyar ko shida ƙanana, a rage tuwo da shinkafa, a ƙara wake, ƙwai, gyaɗa, nono da ganye. Kwanakin al'ada ma abin kan tsananta, a rage hidima a ƙara ruwa.

Salla da azumi

Wannan ya fi komai damun ƙanwata, har kuka ta yi ranar da ta kasa kai raka'a biyu a tsaye. Wani malami a unguwa ya karanto mata hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Abin da take yi yanzu shi ne ta yi kabbara a tsaye, in ta ji alama ta zauna ta ci gaba. Ɗagowa daga ruku'u da tashi daga sujada su ne inda ido ke duhu, a yi su da natsuwa. Asham da tahajjud a zaune take yin su, kusa da ƙofa. Namiji ya je Juma'a da wuri ya samu inuwa, ya sha ruwansa kafin ya fito.

Azumi kuwa magana ce ta likita da malami tare. Alƙur'ani a surar Baƙara ya yi wa marar lafiya rangwamen ya sha ya rama. Wadda abin ya yi wa sauƙi kuma aka yarda ta gwada, ta jinkirta sahur, ta rarraba ruwanta tsakanin magariba da asuba, ta sha ruwan gishiri da sukari a sahur, ta yi buɗa-baki kaɗan-kaɗan. Ƙanwata shekarar farko ba ta yi ba, ta rama da hunturu.

Motsa jiki, da tarkon da ke cikinsa

Kwanciya yini guda tana ƙara lalata abin, domin tsoka na saki, ruwan jini na raguwa. To amma "daure ki tashi ki yi ta aiki" ma yana kayar da mutum. Kafin komai ki gane wane iri ce ke. Idan kika yi hidima yau, kamar zuwa biki ko babban wanki, sai gobe ko jibi ki ji kamar an yi miki duka, da ciwon jiki da nauyin kai har kwana biyu ko fiye, to kina da abin da ake kira faɗuwar bayan wahala, kuma ke ba a ce ki riƙa ƙara motsa jiki kowane mako ba. Naki shi ne auna ƙarfi: ki gano iyakar abin da kike yi ba tare da kin biya bashinsa gobe ba, ki tsaya ƙasa da wannan iyaka, ki yanka aiki gunduwa-gunduwa da hutu a kwance a tsakani. Ranar da kika tashi garau ita ce mai haɗari, ranar ce ake cewa bari in gama komai.

Wadda ba ta da wannan faɗuwa ta fara a kwance kan tabarma: matse filo tsakanin gwiwoyi, ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya, ɗaga ƙugu sama gwiwa a lanƙwashe, tuƙa keke a iska. Minti biyar a rana ya isa farawa. Bayan mako biyu lafiya a ƙara minti biyu. Daga kwance a koma zaune, tafiya ita ce ta ƙarshe, kuma ana maganar watanni ne.

Magani da komawa asibiti

In an yi wata biyu zuwa uku ana waɗannan ba sauƙi, akwai magungunan da likita kan gwada: furofaranolol kaɗan ko ibabiradin don rage gudun zuciya, midodirin don tsuke jijiya, fuludurokotizon don riƙe gishiri da ruwa. Kowanne yana da wanda bai dace da shi ba. Furofaranolol na iya tayar da asma, midodirin na ɗaga awon jini in an kwanta, don haka ba a shan sa dab da barci. Ba na zuwa kemis a ambata ba ne. Ƙarin ruwa ta jijiya kuma, duk da yana sa a ji daɗi na kwana ɗaya, ba abin mayarwa al'ada ba ne, huda jijiya a kai a kai na da nasa haɗarin.

Ma'aikaciya ta nemi likita ya rubuta mata takarda zuwa wurin aiki. Da irin wannan takarda aka ba ƙanwata doguwar kujera a gaban allo, aka cire ta daga tsayuwar taron safe. A maimaita gwajin bango sau ɗaya a wata, lokaci ɗaya, bango ɗaya, a rubuta a shafi ɗaya don a ga tafiyar. Nata na watan jiya 74 ne a kwance, 98 a minti na goma. Jarkar tana nan, bulon yana ƙarƙashin gado, bel ɗin kuwa sai ranar kasuwa take ɗaura shi.